Naman Faransawa ba tare da giya ba, da kuma wankin farantin fiyuta

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya biyu gare ni, ku yi haƙuri da tsawo. Maƙwabciyata a nan Sheffield, wata dattijuwar Baturiya, kullum cikin aiko mana da kek take, ni kuwa ban taɓa rama mata da abin kirki ba. Na tambaye ta abin da ta fi so, ta ce naman sa irin dahuwar Faransawa, wanda suke kira boeuf bourguignon. Da na duba yadda ake yi sai na tarar ana juye kwalbar jar giyar inabi guda cur a tukunya, mililita 750. Me zan sa a madadinta har abin ya fito da kama? Ta biyu, na sayi wani faranti mai zurfi a kasuwar gwanjo, mai shi ya ce fiyuta ne, wato wani ƙarfe da ake yi da kuza. Ya yi duhu, launinsa toka-toka. So nake in goge shi ya yi ƙyalli in zuba naman a ciki. Da me ake wanke shi?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Ni abin da na sha ji a bakin masu girki a talabijin, wai giyar tashi take yi ta bi tururi, ɗanɗano kaɗai ke saura. Ba cewa na yi ki zuba ba fa, tambaya nake: idan ta ƙone, me ya rage?

Anti Nas: Uwar Biyu, maganar nan ta daɗe tana yawo, amma da aka auna ba ta tsaya ba. A 1992 masu bincike daga jami'ar Idaho da jami'ar Jihar Washington, tare da ma'aikatar noma ta Amurka, suka auna barasar da ke saura a abinci bayan dahuwa. Idan an zuba a tafasasshen ruwa aka sauke nan take, kashi 85 cikin ɗari na nan. Irin wanda ake cinna wa wuta a kasko don burge baƙi, kashi 75 na nan. Dahuwar minti 15 tana barin kashi 40, ta minti 30 kashi 35, ta awa ɗaya kashi 25, ta awa biyu kashi 10. Sai an kai awa biyu da rabi kafin ya sauko kashi 5. Gaskiya ne barasa tana tafasa a digiri 78, ruwa kuma sai 100, amma da zarar sun gauraya ba ta fita ita kaɗai ta bar ruwan, tare suke tashi kaɗan-kaɗan.

Ki lissafa da kwalbar Maman Ilham. Jar giya tana da barasa wajen kashi 13, wato kusan mililita 100 a kwalba. Ko an yi mata doguwar dahuwar nan, cikin ƙaramin cokali zai saura a tukunya.

Uwar Biyu: Ƙaramin cokali a tukunyar mutum shida ai ba zai bugar da ko jariri ba.

Malama Ummu Abdallah: 'Yar uwa, ba a bugarwa kaɗai ake kallo ba. Hadisi ya zo a wajen Abu Dawud da Tirmizi cewa abin da mai yawansa yake bugarwa, to kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Kuma maganar ta fara tun kafin a ɗora tukunya, domin an la'anci mai sayar da giya da mai sayenta da mai ɗaukarta. Wadda za ta shiga kanti ta ɗauko kwalbar ta biya, ta riga ta shiga ciki ko da wuta za ta cinye ta kaf. Maman Ilham ba ta ma yi niyyar haka ba, madadi take nema, mu taimaka mata da shi.

Uwar Biyu: Na gamsu Malama, Allah ya ƙara ilimi.

'Yar Yamai: Maman Ilham, na yi aiki a kicin ɗin wani gidan abinci a nan Yamai inda Faransawa ke yawan zuwa, kuma akwai masu cewa a yi musu babu giya, don haka mun saba. Kafin ki nemi madadi, ki san aikin da giyar ke yi a tukunya. Tana kawo tsami, tana kawo ɗan ƙamshin 'ya'yan itace da launi, kuma ita ake zubawa a kankare abin da ya kama a gindin tukunya bayan an soya nama. Wannan jan ƙanzon shi ne rabin daɗin miyar, kuma kowane ruwa zai ɗago shi, ba sai giya ba.

Ga yadda nake yi da nama kilo ɗaya da rabi. Ki yanka manya-manya, ki tsane shi da tsumma mai tsabta ya bushe, ki soya kaɗan-kaɗan har ya yi ja sosai. Idan kin cika kaskon ruwa zai fitar, ya dahu maimakon ya soyu. Ki kwashe, ki soya albasa da karas da tafarnuwa a man, ki sa babban cokali biyu na tumatirin gwangwani ki bar shi ya yi duhu, sannan babban cokali biyu na fulawa. Daga nan ki zuba kofi ɗaya na ruwan inabi ja wanda ba a ƙara wa sukari ba, kofi uku na romon ƙashi, babban cokali biyu na khal, wato binega. Ki kankare gindin tukunyar da muciya, ki mayar da naman, ki rufe, wuta ƙasa-ƙasa awa uku. Ƙananan albasa da naman kaza (wato mushroom) daban ake soya su da bota, a zuba a ƙarshe.

Wani abu kuma da ba ki ambata ba: ainihin girkin akwai naman alade mai gishiri da ake fara soyawa a samu kitse. Mu kyafaffen naman sa muke sawa, ko na talotalo.

Maman Ilham: Wallahi na gan shi a jerin kayan, dama na cire shi. Ban yi tunanin kyafaffen nama ba, na gode Anti.

Anti Mai Girki: 'Yar Yamai ta faɗi hanya, amma ni ina da ja a kan ruwan inabin. Zaƙi ya yi masa yawa. Lita ɗaya ta ruwan inabi tana ɗauke da sukari wajen giram 150, alhali jar giyar da suke girki da ita yawanci ba ta wuce giram 4 ba, domin tsimuwa ta cinye sukarin. Idan aka dafa shi awa uku ruwa ya ja baya, sukarin yana nan yana ƙara kauri. Ƙarshe sai a ci nama ana jin kamar an diga masa zuma. Ni a wajen abincin biki a Abuja zoɓo nake sawa. In jiƙa baƙin zoɓo a ruwan zafi minti goma, babu citta, babu kanumfari, babu sukari, in tace. Yana da tsami, yana da launi, har da ɗan baurin nan da jar giya ke da shi wanda ruwan inabi na kwali ba shi da shi.

'Yar Yamai: Anti, na yarda da maganar zaƙi, shi ya sa kofi ɗaya kawai na ce a cikin uku na romo. Amma zoɓo yana da ƙamshinsa da ba ya ɓuya. Duk wanda ya san bisap, wato zoɓon sha, zai gane shi a cokalin farko.

Anti Mai Girki: To sai me? Baturiyar Sheffield ta san bisap ne? Kuma idan an gane ai ba laifi ba ne. Ni ra'ayina, duk wanda ya ce zai fitar da ɗanɗanon giya sak ba tare da giya ba, wahalar da kansa yake. Abin nema shi ne nama mai laushi, miya mai duhu da kauri, tsami daidai. Wannan kuwa zoɓo yana bayarwa.

Hajiya Babba: Ku 'yan zamani kun manta da tsamiya. Mu tun muna yara da ita ake kashe ƙarnin nama.

Anti Nas: Hajiya ta faɗi abin da ya fi kusa ma a kimiyyance. Sinadarin tsamin da ya fi yawa a inabi, wanda ake kira tatarik, shi ne kuma ya fi yawa a tsamiya. 'Ya'yan itace kaɗan ne suke da shi da yawa haka. Lemun tsami nasa daban ne, khal ma nasa daban. Don haka tsamin tsamiya ya fi kama da na giyar inabi a harshe fiye da na khal, wanda yake da kaifi yana hawa hanci.

Hajiya Babba: Kun ji ko. Ni ban san sunansa ba amma na san aikinsa. Ki jiƙa tsamiya kamar sili uku a ruwan ɗumi, ki tace da rariya, kada ki zuba duka lokaci ɗaya. Rabi a farko, rabi idan nama ya yi laushi kin ɗanɗana. Kuma ki sa ƙafar saniya a romonki, ita ke ba miya jiki ta riƙa kama cokali.

Maman Ilham: Mama, akwai tsamiya a shagunan 'yan Pakistan a nan, zoɓo kuma ina da wanda na zo da shi daga Zariya. To in haɗa su duka?

Anti Mai Girki: Kada ki haɗa duka, tsami zai yi yawa. Romo kofi uku, zoɓo kofi ɗaya, ruwan tsamiya babban cokali biyu zuwa uku. Idan kin ɗanɗana a ƙarshe kin ji ya yi kaifi, sai ki diga ruwan inabi kaɗan ya daidaita. Ki yi a tukunyar silba mai kauri ko mai rufin tangaran, ba ta sanholo ba, domin tsami yana cin ta, launin zoɓon ma ya dushe. Kuma ko kusa kada ki jefa kanwa don nama ya yi saurin laushi. Kanwa tana kashe tsamin, ta mayar da jan zoɓo wani shuɗi-shuɗi marar kyan gani.

Amarya 2024: Ni khal ɗin ne ya tsaya min a rai. Wanda nake gani a kanti an rubuta a jikinsa cewa daga jar giya aka yi shi. Ya halatta?

Malama Ummu Abdallah: Khal a kansa abinci ne mai albarka, a Sahihu Muslim Annabi (SAW) ya yabe shi a matsayin mahaɗi. Malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye ta zama khal da kanta ta tsarkaka. Saɓanin yana kan wadda mutum ya sa hannu ya juya ta. Hanafiyya sun halatta. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun hana idan an jefa wani abu a ciki don ta juye, hujjarsu hadisin Anas da aka tambayi Annabi (SAW) ko a mayar da giya khal ya ce a'a. A mazhabarmu ta Malikiyya, Mukhtasar na Khalil ya lissafa giyar da aka mayar khal a cikin abubuwa masu tsarki. Wanda ke kanti ya riga ya zama khal kafin ya iso hannunki, ba ya bugarwa ko an sha kwalba guda. Wadda zuciyarta ba ta natsu ba, ta bar shi ta yi amfani da tsamiya ko lemun tsami.

Amarya 2024: To in sayi na tuffa kawai in huta.

Anti Nas: Ki saya, amma ki san cewa shi ma ta hanyar nan ya biyo. Ruwan tuffa sai ya tsima ya zama barasa tukuna, sannan wasu ƙwayoyin halitta su mayar da barasar tsami. Kusan duk khal na 'ya'yan itace haka ake yin sa.

Baban Sadik: Hajiyoyi, a ba ni dama in sa baki. A manyan kantunan Ingila akwai giyar inabi da aka cire wa barasa. Me zai hana ta yi amfani da ita, tunda ita ta fi kusa?

Anti Nas: Malam, sai an karanta jikin kwalbar da kyau. A ƙa'idar Birtaniya, wadda aka ce babu barasa ba ta wuce kashi 0.05 ba, wadda kuma aka ce an cire wa barasa tana iya kaiwa kashi 0.5. Dukansu giya aka fara yi cikakkiya sannan aka janye barasar da inji. Akwai kuma wadda ake sayarwa da sunan giyar girki, wannan tarko ce: barasarta na nan yadda take, gishiri kawai aka zuba mata.

Malama Ummu Abdallah: Malaman wannan zamani sun yi saɓani a kanta, wasu sun duba cewa ba ta bugarwa, wasu sun duba asalinta. Ni dai ba zan shigo da kwalba mai siffar giya gidan da yara suke ba alhali ga zoɓo a kabad.

Baban Sadik: Magana ta ƙare, na janye.

Maman Nana: Tunda ana ciki, farar giya fa? Ina son gwada shinkafar Italiyawa, risoto, ita ma an ce a zuba rabin kofi.

'Yar Yamai: Wannan ta fi sauƙi. Rabin kofi na romon kaza da babban cokali ɗaya na ruwan lemun tsami. Amma ki ajiye rabin lemun sai kin sauke, domin ƙamshinsa yana gudu a wuta. Kifi ma haka. Idan miyar akwai madara ko kirim, ki bari ruwan tsamin ya ja baya tukuna kafin ki zuba, in ba haka ba za ta tsinke. Wadda ke kusa da shagon Iraniyawa ko 'yan Labanan ta nemi ruwan ɗanyen inabi, wanda ake matsewa kafin ya nuna. Iraniyawa na ce masa abgure, Faransawa berju. Bai tsima ba sam, kuma tun zamanin da shi masu girkin Turai ke sawa a miya. A wurina babu abin da ya kai shi maye gurbin farar giya.

Ɗaliba a Malesiya: Ku kula da girkin Asiya ma. Mirin na Japan na asali yana da barasa wajen kashi 14, Sinawa kuma suna da giyar shinkafa ta Shaoxing da suke zubawa a kusan kowace suya. A nan masu dafa halal romo suke sawa da ɗan khal na shinkafa da ɗan sukari. Ruwan banila na kek ma, wanda aka yi bisa ƙa'idar Amurka, dole ya kai kashi 35 na barasa. Ni garin banila nake saye ko sandarta.

Hajiya Babba: To an gama da tukunya. Farantin fa? Ni a sanina toka da lemun tsami da soson ƙarfe, ko tasar kakarki ce sai ta yi walƙiya.

Ɗan Bukur: Ranki ya daɗe Hajiya, a tagulla haka ne, amma a wannan kam a yi mini rai kada a yi. Fiyuta kuza ce. Irin ta yanzu wajen kashi 92 kuza, kashi 6 wani ƙarfe da ake kira antimoni, kashi 2 jan ƙarfe. Mahaifina ya yi aikin kuza a Bukur har kasuwarta ta faɗi a 1985, a gabansa na san halinta. Ƙarfe ne mai laushi, farce ma yana iya yi masa zane. Toka da yashi da soson ƙarfe za su bar masa tabon da ba ya gogewa. Zafi kuma ba ya jimre shi: kuza tana narkewa a digiri 232, wata fiyutar ma ƙasa da haka. Kada ki ɗora shi a kan wuta, kada ki sa shi a oben don ɗumama abinci, kada ki sa a injin wanke-wanke, sabulun injin da zafinsa suna ɓata fuskarsa.

Abin sha'awa, wataƙila kuzar farantin nan ta gida ce. Tun kafin Turawa mutanen Riruwai suke narka kuza suna sayarwa, daga baya kuma ta Filato aka riƙa lodawa a jirgin ƙasa zuwa bakin teku ana kaiwa Ingila.

Maman Ilham: Ikon Allah. To Malam, da me zan wanke?

Ɗan Bukur: Ruwan ɗumi, sabulun wanke-wanke na ruwa kaɗan, tsumma mai laushi. Ki ɗauraye, ki goge ya bushe nan take, kada ki kife shi ya bushe da kansa domin ɗigon ruwa yana barin tabo. Sau da yawa iyakar abin da yake buƙata ke nan. Fiyuta ba ta yin baƙi irin na azurfa, dushewa take yi a hankali.

Kafin ki wuce nan, ki duba irin fuskarsa, domin iri uku ne. Akwai mai sheƙi kamar madubi. Wannan za ki iya kwaɓa fulawa rabin kofi da khal kofi ɗaya da gishiri ƙaramin cokali, ki shafa, ki bar shi kamar rabin awa, ki wanke tas ki goge. Akwai mai fuska a dushe da siraran layuka, wannan wanki ya ishe shi. Akwai kuma wanda masu ƙera shi suka baƙanta da gangan don ya yi kama da tsoho, wannan idan kin goge kin cire abin da aka biya kuɗi aka yi.

Ɗaliba a Malesiya: Malam ya yi daidai. A Kuala Lumpur akwai Royal Selangor, kamfanin fiyuta da Yong Koon ya fara a 1885, ɗalibanmu da yawa daga can suke sayen tsarabar komawa gida. Abin da masu sayarwa ke faɗa ke nan: ruwan ɗumi, sabulu marar ƙarfi, a goge. Ga waɗanda ke gida kuma, lokacin hunturu kada a share ƙurar da busasshen tsumma, ƙurar kanta tana karce shi. A ɗauraye tukuna.

Uwar Biyu: Ni na ga ana tafasa kayan azurfa da bakin soda da takardar alminiyom su fito fes. Ba zai yi a nan ba?

Ɗan Bukur: Wannan dabarar ta azurfa ce, baƙin da ke kanta take cirewa, shi kuwa ba irinsa ke kan fiyuta ba. Ba za ta amfane ki ba, tafasawar ma tana iya cutar da shi. Tsofaffin Turawa ɗanyen ganyen kabeji suke murza masa, kuma yana ɗan haskaka shi ba tare da karce ba. Wannan za ki iya gwadawa hankali kwance.

Anti Nas: Ku tsaya, ni ba ƙyallin ne ya dame ni ba. Maman Ilham ta ce nama za ta zuba a ciki, naman da muka gama cika wa zoɓo da tsamiya. Tsohuwar fiyuta ana haɗa ta da dalma, wata har kashi 15 cikin ɗari. A Birtaniya sai a 1974 aka kafa ma'aunin da ya fitar da dalma daga fiyutar cin abinci. Tsami shi ke narko dalma ya shigar da ita abinci, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, a Anka da Bukkuyum, yara wajen 400 suka rasu, bai kamata mu yi wasa da ita ba. Can daga dutsen zinariya ta fito kuma yawanta ba a kwatanta shi da na faranti, amma ga yaro babu adadin dalmar da ake cewa ba komai, taruwa take yi a jiki tana taɓa ƙwaƙwalwa. Kina da Ilham a gida.

Maman Ilham: Innalillahi. To yaya zan gane ko akwai dalma?

Ɗan Bukur: Juya shi ki karanta mana abin da ke gindin.

Maman Ilham: Akwai wani ɗan tambari da ya goge, kamar fure da kambi a kansa, da haruffa biyu. Babu sunan gari, babu lamba.

Ɗan Bukur: Fure da kambi tsohon tambari ne da maƙeran Ingila da na wasu ƙasashen Turai suka daɗe suna bugawa, har masu kwaikwayo ma suna buga shi, don haka shi kaɗai ba zai gaya miki shekarunsa ba. Na zamani yawanci za ki ga sunan kamfani da garin da aka yi, ko a rubuta yawan kuzar, kamar 95%. Ana cewa mai dalma ya fi nauyi, ya fi duhu, kuma idan an goga shi a farar takarda yana barin layi kamar fensir. Alamu ne kawai, ba hujja ba. Akwai ɗan tsinken gwaji da ake sayarwa a shagunan kayan gini, idan ya canza launi akwai dalma, amma rashin canzawarsa ba ya wanke farantin. Ni shawarata, wanda ba a san asalinsa ba ado ne, ba na ci ba.

'Yar Yamai: Ko da sabo ne marar dalma ban so a bar miya mai tsami ta daɗe a ciki. Tana yi masa ƙananan ramuka. A Faransa za ki ga an rubuta étain a gindinsu, Jamusawa kuma Zinn, kuma akasari a jikin bango ko kan kabad suke zaune.

Hajiya Babba: To ai shi ke nan, ya shiga jere. Mu ma tasoshinmu na ɗaki ba duka ake ci a ciki ba.

Amarya 2024: Malama, dama ina son tambaya. Irin kwanukan nan na gwanjo, wataƙila an ci alade ko an sha giya a ciki. Kuma ga shi yana kama da azurfa.

Malama Ummu Abdallah: Abu Sa'alaba ya tambayi Annabi (SAW) game da kwanukan Ahlul Kitabi, ya ce idan kun sami wasu kada ku ci a cikinsu, idan ba ku samu ba ku wanke ku ci. Yana cikin Bukhari da Muslim. Wanki yana tsarkake ƙarfe. Hanin ci da sha kuma a kan zinariya da azurfa ya zo, kuza ba ta ciki ko ta yi kama da su. Abin da zai hana cin abinci a wannan farantin shi ne cutarwar da Anti Nas ta faɗa.

Baban Sadik: Kuma Maman Ilham, kada ki yi gaggawar goge duhun. Idan tsoho ne na gaske, masu tara kayan tarihi duhun nan suke so, gogewa tana rage masa daraja. Kina Sheffield, garin da har yau ake ƙera fiyuta. Ki kai wa mai shagon tsofaffin kaya ya duba miki tambarin.

Maman Ilham: 'Yan uwa, ga rahoto. Na yi jiya da romon ƙafar saniya kofi uku, zoɓo kofi ɗaya, ruwan tsamiya cokali biyu, da kyafaffen talotalo. Na zuba a kwanon tangaran. Miyar ta yi duhu ta yi kauri yadda ake so, sai dai ni a bakina tsamin ya ɗan fito gaba. Maƙwabciyar ta cinye nata ta nemi ƙari, ta ce ba irin wanda ta saba ba ne amma ta tambayi sunan furen da na sa, wato zoɓo. Farantin na wanke da sabulu kawai, na jingine shi a kan kabad, ranar Asabar zan kai a duba.

Anti Mai Girki: Masha Allah. Tsamin da kika ji, wani karon ki rage tsamiya zuwa cokali ɗaya, ki jefa ɗan bota mai sanyi bayan kin sauke ki juya. Idan akwai saura a firji ki ɗumama yau ki ji, kwana yana kwantar da shi.

'Yar Yamai: Da me kika haɗa mata?

Maman Ilham: Dankalin turawa da aka daka da bota. Maigida kuma ya ce a ba shi nasa da tuwon shinkafa.